DAGA ƘWALLON TSUMMA ZUWA AKADEMI: TARIHIN KOYA WA YARA TAMOLA, DA ABIN DA UBA ZAI DUBA KAFIN YA MIƘA ƊANSA



Da babban hutu ya gabato, sai ka ga tallar makarantun ƙwallo ta cika wayoyi. Ga yara sun jeru cikin riguna iri ɗaya, ga koci da usur a wuya, ga kuɗin rajista an rubuta a ƙasa, wani lokaci har da hoton jirgin sama. A gida kuma yaro ya hana kowa sakat, shi dai a kai shi. Uba na lissafi, uwa na tunanin karatu. Ina za a kai shi? Wurin kocin unguwa da ke tara yara bayan la'asar? Ƙungiyar da ke da lisansi? Santir mai kwana da ke wani gari? Ko mutumin nan da ya ce yana da hanya a Turai?

Waɗannan hanyoyi ba rana ɗaya suka faɗo daga sama ba. Kowace da lokacin da aka haife ta, da wanda ya haife ta, da abin da yake nema a jikin yaro. Wanda ya san wannan tarihi, zaɓen ba zai yi masa wuya ba. To mu koma baya kaɗan.

LAKWAL DA BARIKI

A 1863 ne wasu Turawan Ingila suka zauna a birnin Landan suka rubuta dokokin ƙwallon ƙafa. Kafin nan ma, manyan makarantun kwana na ƙasar suna sa ɗalibai su buga ta, kuma ba don su fitar da taurari ba. Abin da malamai ke so shi ne yaro ya yi ƙarfi, ya saba da bin doka, ya koyi aiki da ƴan uwansa. Da wannan niyya ƙwallo ta shigo ƙasashenmu a zamanin mulkin mallaka: ta hannun soja, ta hannun ma'aikatan gwamnati, ta hannun lakwal. Kocin farko da yaron ƙasar nan ya sani, mushe ne. Shi ke riƙe da alli da safe, shi ke riƙe da usur da marece.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta ci gaba da riƙe wasanni a hannunta. Da Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka yi bikin matasa na farko a Damagaram a 1976. Makarantu suna karawa da juna, garuruwa suna karawa da juna. Babban filin wasa na Yamai, wanda ke ɗauke da sunan Kountché, an buɗe shi a 1989. Har yau in ka duba jerin manyan ƙungiyoyinmu za ka ga sawun wancan zamani: ta soja, ta ƴan sanda, ta jandarma, ta duwan, ta Nigelec, ta Sonidep. Ƙwallo a nan ta tashi ne a gindin hukuma.

Horon lakwal yana da alheri guda wanda mutane ke mantawa. Mushe bai da riba ko ta dala ɗaya in yaro ya iya yanka. In yaro ya faɗi jarrabawa, shi ne na farko da zai hana shi fili. Rauninsa kuma a bayyane yake: ƙwallo ɗaya ga yara sittin, malamin kuma sau da yawa bai karanci aikin ba, son abin ne kawai.

MAKARANTAR LUNGU

A gefen lakwal akwai wata makaranta da ba ta da darakta. Ƙwallon tsumma ko ta leda da aka ɗaure da roba, duwatsu biyu ko takalma biyu su ne raga, ƙafa ba takalmi, alƙali babu. Daga bayan la'asar har kiran magariba. Nan ne yaro ke taɓa ƙwallo sau ɗaruruwa a yini guda. Fili ƙarami ne, yashi na riƙe ƙwallo, manya na turewa, dole ka koyi dabara ko ka koma gefe ka yi kallo.

Daga cikin wannan makaranta kocin unguwa ya fito. Galibi tsohon ɗan wasa ne, ko tela, ko mai gyaran babur, wanda ya tara yara ashirin yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Shi ke shirya su don gasar babban hutu da muke kira TGV, shi ke bin masu hali neman riguna. A Gana suna da irin wannan tun da daɗewa, ƙananan ƙungiyoyin yara na unguwanni, kuma daga cikinsu manyan ƴan wasan ƙasar suka yi ta fitowa. Ƙungiyoyi irin su Ɗan Kasawa da Jangorzo a Maraɗi, Espoir a Damagaram, Ader a Tawa, Akokana da Urana a Arlit, Sahel da Olympic da Zumunta a Yamai, ai daga irin waɗannan filaye suke tsintar yara.

Me kocin unguwa ke nema? Suna a unguwa, kofi a ƙarshen hutu, da jin daɗin a ce wane yaronsa ne. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai son kofi kan sa ya riƙa saka manyan yara masu jiki ya bar ƙanana a benci, ko ya sa ɗan shekara tara ya yi ta zagaye fili da gudu kamar soja.

FARANSA TA ƘIRƘIRO SANTIR

A shekarun 1960 ƙwallon Faransa ta shiga wani hali. Ba su je gasar cin kofin duniya ta 1962 ba, ba su je ta 1970 ba, ba su je ta 1974 ba. Hukumarsu ta yanke shawarar cewa ɗan wasa ginin sa ake yi kamar yadda ake gina injiniya. A 1972 suka buɗe cibiyar horo ta ƙasa a garin Vichy, aka kuma ɗora wa manyan ƙungiyoyi nauyin buɗe nasu cibiyoyin. A 1988 aka buɗe Clairefontaine kusa da Paris. Thierry Henry ya bi ta can, Nicolas Anelka ya bi ta can, daga baya Kylian Mbappé ya bi ta can. A 1998 Faransa ta ɗauki kofin duniya. A Spain ma Barcelona ta buɗe gidan yaranta, La Masia, a 1979.

Akwai abu biyu a tsarin Faransa da ya kamata uba ya riƙe. Na ɗaya, Clairefontaine ba ta ɗaukar yaro sai ya kai wajen shekara 13. Kafin nan yana gidan iyayensa, yana wasa a ƙungiyar unguwarsu. Mbappé kansa a ƙaramar ƙungiyar Bondy ya fara, inda mahaifinsa ke horar da yara. Na biyu, yaron da ke cibiyar yana zuwa makaranta kullum, ƙarshen mako kuma ya koma gida. Waɗanda suka ƙirƙiro abin sun san mafi yawan yaran ba za su ci abinci da ƙwallo ba.

ABIJAN, BAMAKO, DAKAR, AKRA

Shekarun 1990 sun zo wa ƙasashenmu da wuya. Albashi na makara, yajin aiki ya yawaita, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wasannin makarantu suka yi sanyi. A daidai lokacin kuma, Turai ta buɗe ƙofa: hukuncin kotu na Bosman a watan Disamba na 1995 ya sauya kasuwar ƴan wasa, ƙungiyoyi suka fara neman matasa masu arha a ko'ina. Ga yara da yawa babu mai kula da su, ga masu saye da kuɗi a hannu. A tsakiyar nan aka haifi akademi irin ta Afirka.

Wadda ta fi suna ita ce ta ASEC Mimosas a Abijan. Wani tsohon ɗan wasan Faransa, Jean-Marc Guillou, tare da shugaban ƙungiyar Roger Ouégnin, suka kafa ta a 1994. Aka tace yara dubbai aka zaɓi kaɗan, aka ba su wurin kwana, abinci, likita da aji, kyauta. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne Guillou ya hana su takalmi. Ƙafa tsirara suke horo, sai yaro ya ci jarrabawar sarrafa ƙwallo kafin ya samu izinin sa takalmi. Wato dai Bature ya zo ya ɗauki darasin lungu ya mai da shi tsari. A watan Fabrairu na 1999, ASEC ta fito da waɗannan yara, galibinsu ba su kai ashirin ba, suka doke Espérance ta Tunusiya da ci 3 da 1 a Super Cup na Afirka. Kolo Touré, Didier Zokora, Aruna Dindane, sannan Yaya Touré, Emmanuel Eboué, Salomon Kalou, Gervinho, duk ɗiyan gidan ne. Da dama daga cikinsu ne ƙashin bayan ƙungiyar Kodibuwa da ta je kofin duniya karo na farko a 2006.

Amma labarin yana da ɗaya gefen. Daga 2001 Guillou ya riƙa kai yaran wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam mai suna Beveren, har ta kai ana ganin ƴan Kodibuwa goma cikin sha ɗaya a fili. Beveren ta zama rumfar kasuwa: a baje kaya, manyan ƙungiyoyi su zo su zaɓa. Waɗanda aka saya mun san sunayensu. Waɗanda ba a saya ba, babu mai ambatonsu. Akademi kasuwanci ne, ko da mai kyau ce. Tana ciyar da yara talatin ne da fatan biyu ko uku su biya kuɗin sauran.

A Bamako, Salif Keita, wanda shi ne ya fara lashe kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a 1970, ya buɗe tasa cibiyar a farkon shekarun 1990, ta fitar da Seydou Keita da Mahamadou Diarra. Daga baya Guillou ma ya buɗe reshe a Bamako, inda Yves Bissouma da Amadou Haidara suka fito. Mu nan mun ga sakamakon da idonmu: Mali ce ta ɗauki kofin Afirka na ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Yamai a 2015, ita ce kuma ta ɗauki na ƴan ƙasa da 20 da aka yi a Yamai da Maraɗi a 2019.

A Senegal, Mady Touré ya kafa Génération Foot a 2000, ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Metz ta Faransa a 2003. Ta wannan hanya Sadio Mané, yaron ƙauyen Bambali, ya isa Metz a 2011, ta nan Ismaïla Sarr ya bi. A 2003 kuma Patrick Vieira da Bernard Lama da abokansu suka kafa Diambars a Saly, wadda ta ɗora karatu a gaba, ƙwallo a baya, kuma duk da haka ta fitar da Idrissa Gana Gueye.

A Gana wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya fara Right to Dream a 1999 da yara kaɗan. Tsarinsa hanya biyu ce: wanda ƙafarsa ta kai ya zama ɗan wasa, wanda kansa ya fi ƙafarsa a nema masa gurbin karatu a Amurka ko Ingila. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Akra, inda Hausa ke cikin harsunan kasuwa da gida, a ƙaramar ƙungiyar unguwa ya fara. Akademin ta ɗauke shi yana yaro, ya yi shekaru yana karatu yana horo, sai a 2018 ya fara buga wa Nordsjælland ta Danmak, daga nan Ajax, daga nan Ingila.

Ku lura da abin da ya haɗa waɗannan gidaje. Su ke zuwa neman yaro, ba uba ke bin su da kuɗi ba. Akwai aji. Akwai haƙuri na shekaru biyar, shida, bakwai. Kuma ana iya nuna ƙungiyar da suke hulɗa da ita da yatsa.

MASU JAKA DA TAKARDAR GAYYATA

Inda duk aka ga riba, jabu na biyo baya. Da tauraron ɗan adam ya shigo, gidajen kallo suka cika kowace unguwa, yaro na ganin Eto'o da Drogba kowane mako, sai ga wasu mutane da jaka da kati da takardar gayyata mai tambarin babbar ƙungiya. Su ce wa uba ɗanka zinariya ne, kawo kuɗin fasfo, kawo kuɗin biza, kawo kuɗin jirgi. A sayar da gona, a sayar da shanu, uwa ta sayar da kayan ɗakinta. Yaro ya sauka a wani otal, kwana uku dillali ya ɓace da fasfo. Kunya ta hana shi dawowa, takarda ta hana shi aiki. Abin ya yi yawa har wani tsohon ɗan wasan Kamaru, Jean-Claude Mbvoumin, ya kafa ƙungiya a Faransa mai suna Foot Solidaire don tallafa wa irin waɗannan yara. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Afirka ta Yamma, akasari ƴan Laberiya, aka kai su wata ƙungiya a ƙasar Lawos da sunan akademi, suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa.

Saboda irin wannan ne FIFA ta kafa doka a 2001: ba a ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo sai ya cika shekara 18. Akwai ƴan togaciya, kamar in iyaye ne suka yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, amma babu wadda ta shafi yaron da aka ɗauko daga Maraɗi shi kaɗai zuwa Turai. Dokar kuma ba ta wasa ba ce. An hukunta Barcelona a kanta a 2014, Real Madrid da Atlético a 2016, Chelsea a 2019. Ahmed Musa, da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya yana Kano Pillars, sai da ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holand. To in Barcelona ba ta tsira ba, wane ne wannan mai jaka da zai ce zai kai ɗan shekara 15 ya sa hannu a Spain?

Akwai wata doka ta biyu da iyaye da yawa ba su sani ba. In ɗan wasa ya zama ƙwararre a waje, ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 suna da haƙƙin kuɗin reno. In kuma aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa waɗanda suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Wannan kuɗi ba ya zuwa sai in sunan yaro yana rubuce a hukumar ƙwallo, da lisansi. Ka ga ke nan makarantar gaskiya tana da inda za ta ci riba nan gaba, shi ya sa take gaggawar yi wa yaro lisansi, take kuma kula da lafiyarsa. Wanda ba ya maganar lisansi, kullum maganarsa kawo kuɗi, to kai ne kasuwarsa, ba yaron ba.

DARASI BIYU DAGA GIDA

A 2009, a gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 17 a Aljeriya, yaranmu sun yi wasa mai kyau har sun samu gurbin zuwa kofin duniya. Sai aka kore mu saboda batun shekaru, Malawi ta maye gurbinmu. A shekarar ce kuma FIFA ta fara amfani da na'urar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. Rage shekaru ya daɗe yana yi wa ƙwallon yankin nan illa, a nan da maƙwabta. Ɗan shekara ashirin da ke wasa cikin ƴan sha biyar zai yi kamar gwani, don ya fi su ƙarfi. Bai koyi komai ba, ya kuma toshe wa na gaskiya hanya. Ranar da ya haɗu da sa'o'insa, sai a ce ya lalace, alhali can ma bai kai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A 2017 kuma aka ga ɗaya fuskar. Ƙaramar Mena ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon, ta je kofin duniya a Indiya karo na farko, ta doke Koriya ta Arewa da ci 1 da nema, ta tsallake zuwa zagaye na biyu kafin Gana ta fitar da ita. Kafin nan babbar Mena, ƙarƙashin ɗan ƙasa Harouna Doula, ta doke Masar a Yamai a 2010 da ƙwallon Moussa Maazou, ta je kofin Afirka a 2012. Mena ta sake zuwa a 2013. Maazou daga ƙungiyar soja ta AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, yana da shekarunsa. Amadou Moutari daga Akokana ta Arlit ya tashi zuwa Faransa. Duk sun fara taka leda a gida, an gan su a gasar ƙasa, sannan ƙofa ta buɗe. Hanyar gida tana da tsawo, amma tana kaiwa.

TO, INA ZA A KAI YARO?

Shekarunsa ne za su fara ba da amsa.

Daga shekara 6 zuwa wajen 11, yaro ba ya buƙatar komai da ya wuce ƙwallo a ƙafa da farin ciki a zuciya. Kocin unguwa mai hankali, kusa da gida, ya wadatar. Je ka tsaya a bakin fili rana ɗaya ka ƙirga. In yara ashirin na layi suna jiran ƙwallo ɗaya, ko rabin lokacin ya tafi a gudu da tsallen kwaɗo, wannan horon manya ne aka ɗora wa ƙanana. In an raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar a ƙaramin fili, da ƙaramar ƙwallo mai lamba 3 ko 4, kowa na taɓawa, kowa na dariya, to nan ne wurin. Kula da maganar buga ƙwallo da kai: Amurka ta hana wa yara ƴan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, Ingila ta cire shi daga horon ƴan firamare a 2020, saboda lafiyar ƙwaƙwalwa. Kula da rana kuma. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu, kocin da ke tara yara da tsakar rana babu ruwan sha bai san aikinsa ba. A wannan shekaru a bar yaro ya yi langa, ya yi kokowa, ya yi tsere, duk jiki ɗaya suke ginawa.

Daga 12 zuwa 15 ne lokacin ƙungiya mai rajista. A nan za ka tambayi koci takardarsa. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da matakan lasisin horarwa, D, C, B, A, kuma ta hannun FENIFOOT ake samun su. Takarda ba ita ce hali ba, amma wanda ya zauna aji ya san bambancin jikin yaro da na babba. Ka tambaya ko za a yi wa yaron lisansi da takardar haihuwarsa ta gaskiya. In aka ce a rage masa shekara biyu, ɗauki ɗanka ka tafi. Ka tambaya ko suna duba sakamakon lakwal. Ka tambaya in ya karye wa zai biya asibiti.

Santir mai kwana sai yaro ya kai 13 ko fiye, kuma sai in su suka zaɓe shi bayan gwaji. Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin kwana, ka ga tukunya, ka ga aji da malamin da ke cikinsa. Kada ka tsaya ga tambayar wa suka fitar. Tambayi inda waɗanda ba su yi nasara ba suke yanzu. Wani ɗan jarida a Ingila, Michael Calvin, ya yi lissafi a 2017 cewa cikin yara miliyan 1.5 da ke wasa a tsararrun ƙungiyoyin ƙasar, wajen 180 ne kawai za su taka babbar gasar Firimiya. Can ke nan, inda fili da likita da kuɗi suke. Gidan da bai tanadi komai ba don yaron da ƙwallo za ta ƙi, bai cancanci a ba shi yaro ba.

Mai koyarwa shi kaɗai, wanda ake biya a awa, sabon abu ne da ya zo da zamanin bidiyon waya. Yana da amfani ga babban yaro da ke son gyara abu guda, kamar ƙafar hagu ko tsaron raga. Ba ya maye gurbin ƙungiya, don ƙwallo da mutane ake buga ta.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗi, amma dole a faɗe ta. A Ingila a 2016, tsofaffin ƴan wasa suka fito suka bayyana irin lalatar da wasu masu horarwa suka yi da su suna yara. A Gabon ma irin wannan zargi ya fashe a ƙarshen 2021. Yaron da ke ganin koci ne ke riƙe da mabuɗin rayuwarsa ba ya iya cewa a'a, ba ya kuma faɗa a gida. Duk kocin da ba ya son iyaye su zo kallon horo, ko yake kiran yaro ɗakinsa shi kaɗai, ko yake tafiya da yara wani gari babu wani babba, a yi nesa da shi komai sunansa. Ga ɗiya mace mai son ƙwallo, a nemi inda akwai mace cikin masu kula da su. Kuma a riƙa tambayar yaro, a saurare shi. In wanda ke ɗokin fili jiya ya fara ƙirƙiro ciwon ciki yau, akwai dalili.

Kuɗin wata kaɗan da kocin unguwa ke karɓa don sayen ƙwallo da ruwa, jika ɗaya ko biyu, ba shi ne abin tsoro ba, haƙƙinsa ne ma. Abin tsoro shi ne kuɗi mai yawa da aka haɗa da alkawari mai girma da gaggawa: kawo kafin Juma'a, jirgi zai tashi. Daga Abijan har Dakar har Akra, babu gidan kirki da ya gina ɗan wasa cikin gaggawa. Sauri ya haifi nawa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen icce ne kuma ya fi saurin karyewa a hannun wanda bai iya ba. Mushe na neman ɗalibi mai lafiya, kocin unguwa na neman kofi, akademi na neman wanda za ta sayar, mai jaka na neman gonarka. Uba da uwa ne kaɗai ke neman yaron kansa, ko ya zama Maazou ko ya zama malamin asibiti mai buga ƙwallo ranar Lahadi. Saboda haka kada a bar wa kowa wannan zaɓe.

Ku faɗa muna yadda abin yake a unguwanninku, musamman ku da kuka daɗe kuna horar da yara ba tare da an san da ku ba. Allah ya raya muna zuri'a, ya haɗa su da malamai na gari. Sai wani jiƙon.